Bazara A Dole Kaina: Mu Koma Ga Garka Da Akurki

Duk wanda ya san Dole Kaina ya san cewa ta ƙofa uku abinci ke shiga garin: kogi, fadama da kuma iyaka. A wannan yanki ne kogin Kwara ke shigowa Najeriya, bayan ya taso daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya kuma raba Nijar da Benin. Garin yana ƙaramar hukumar Dandi ta jihar Kebbi. A tsallaken ruwa ga Lolo da Illo na ƙasar Bagudo, in an bi kogi sama kuma ga Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin suna kallon juna. Hausawa da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Fulani duk sun cuɗanya a wannan kusurwa, naira da sefa suna kwana a aljihu ɗaya. Masunci ya jefa taru, manomi ya dasa shinkafa, ɗan kasuwa ya tsallaka da kaya, kowa ya samu abin sawa a bakin salati.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne, duk ƙofofin nan uku makullinsu ba ya hannun magidanci. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na kan tudu, a Nuwamban shekarar kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka. Da aka fara buɗewa a Disambar 2020, Illela da Maigatari suna ciki, amma Kamba, hedikwatar Dandi, sai a Afrilun 2022 ta samu nata. Jama'a ba su gama sauke numfashi ba sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake garƙame iyakar Nijar har zuwa Maris na 2024. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ita ma aka toshe ta. A Abuja da Yamai da Kwatano aka yanke waɗannan shawarwari, amma mai kwale-kwale da ɗan dako da mai tuyar ƙosai a bakin tasha su suka ji a jikinsu.

Fadama ma haka take. A Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a Nuwamban 2015, kuma babu mai musun cewa noman ya bunƙasa, mutane da dama sun yi gida sun yi aure da kuɗin shinkafa. Sai ga ambaliyar 2020 ta shanye gonaki masu ɗimbin yawa a jihar nan gab da girbi. Sai ga janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya mayar da kunna injin ban ruwa abin da manomi ke lissafi sau biyu kafin ya yi. Buhun taki ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Kogin kuwa, masunta da bakinsu suke faɗin cewa kamun yau bai kai na iyayensu ba.

Ga kuma wani abin da ya kamata ya hana mu barci. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 66 cikin ɗari na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Babu jihar da ta kai Kebbi a wannan lissafi, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 37 ne. Jihar da ake yi wa kirari da shinkafa, da kifin Argungu, da albasar Aliero, ita ce ta kasance kan gaba wajen tsumburewar yara a lissafin 2018. Tun 2022 ƙungiyar likitoci ta MSF take jinyar yara masu tamowa a Maiyama, kuma iyaye mata ba su daina zuwa da goyo ba. Dalilan suna da yawa, akwai talauci, akwai zawo da zazzaɓin cizon sauro, amma ɗaya daga cikin manyansu a tukunya yake. Tuwo da koko suna cika ciki, sai dai jikin yaro ba ya ginuwa da hatsi kaɗai. Yana buƙatar ganye, da wake, da ƙwai ko kifi, musamman daga shigar cikinsa har ya cika shekara biyu. Abin da ya rasa a wannan tsakani da wuya a mayar masa da shi daga baya.

Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za mu daina raina 'yar garkar bayan ɗaki da akurkin kaji. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wannan ɗan fili da ke tsakanin madafi da katanga ba ya jiran izinin kwastan, ba ya shan fetur, ba ya buƙatar rancen banki. Kakanninmu sun san haka. Da wuya a shiga tsohon gidan ƙauye a rasa zogale a kusurwa, da kabewa ta haye rumfa, da kaza tana jan 'yan tsakinta. Mu ne muka bari kuɗin shinkafa da na iyaka suka ɗauke mana hankali, har ta kai gidan manomi yana aika yaro kasuwa sayen alayyafo.

Na san wani zai ce, to me ya kawo wannan magana a bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, rijiyoyi sun ja baya, ƙasa ta ƙeƙashe? Amsar tana cikin tambayar. A bazara ne ɗanyen ganye ke ɓacewa daga miya, tumatir da tattasai su yi tsada, rumbu ya fara nuna ƙasa. Fangali biyu na alayyafo a watan Afrilu sun fi goma a watan Agusta daraja, domin a Agusta ko a bakin hanya ana tsinkar tafasa da lalo. A bazara ne kuma annobar kaji ta hunturu take lafawa, a ga abin da ya tsira, a sake ɗaura ɗamarar kiwo. Takin da za a zuba da damina, yanzu ake tara shi ya ruɓe. Irin tattasai da attaruhu da za a dasa in ruwa ya zauna, yanzu ake renonsa, tunda yana ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin ya isa dashe. Tun ran gini ran zane. Wanda ya jira saukar ruwa kafin ya fara tunanin garka, aikin gona zai haɗiye shi.

Mutanen bakin Kwara kuma suna da wata falala da na tudu ba su da ita. Kogin nan sau biyu yake cika. Akwai cikar damina wajen Agusta da Satumba, akwai kuma ruwan Gini da ke daɗewa yana malala a fadamun Mali, sai cikin hunturu yake isowa nan. Saboda haka ƙasar gaɓa tana riƙe danshi fiye da ta nesa da kogi, ruwan ƙarƙashinta ba shi da nisa sosai. Ƙasar Gaya da ke maƙwabtaka da mu ita ce ta fi ko'ina samun ruwan sama a jamhuriyar Nijar. Idan matan Maraɗi da Tawa, inda fari ya fi tsanani, suna raya zogale har su kai kasuwa, mu da kogi ke wucewa ta ƙofar gidanmu ba mu da hanzari.

Garkar bazara ba ta son faɗi. Taku uku a tsaye, taku huɗu a kwance sun isa gida guda. A zaɓi wurin da rana ke samu da safe, inuwar katanga ko ta bishiya ta rufe shi da azahar. In babu inuwa, a kafa 'yar rumfa da tsohuwar zana mai ɓula-ɓula. A yi fangali mai zurfi domin ruwa ya tsaya a gindin shuka, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki da ɗan toka, sannan a lulluɓe samanta da ɓuntun shinkafa, abin da ake zubarwa tsibi-tsibi a bayan injinan casa. Ɓuntun nan yana hana rana shanye danshi. Ban ruwa kuma da sassafe ne ko bayan la'asar.

Ruwan fa? Ku dubi abin da gida ɗaya ke kwararwa a rariya daga asuba zuwa isha. Ruwan alwalar mutum goma sau biyar a yini, ruwan wankin shinkafa, ruwan da aka wanke kifi, ruwan ɗauraye kwanuka. A ajiye tsohon baho a wurin alwala, a tara, da yamma yaro ya ɗauka ya kai garka. Wanda aka sa wa garin sabulu mai ƙarfi ko maganin cire dauɗa shi kaɗai ne ba a so. Akwai kuma tsohuwar dabarar binne tulu: a haƙa rami a tsakiyar fangali, a binne tulun ƙasa har wuya, a cika shi da ruwa, a rufe baki da faifai, a shuka kewaye da shi. Ruwan yana tsatsafowa ta jikin tulun a hankali, saiwa ta sha daidai buƙatarta, ko ɗigo bai tafi a banza ba. Gidan da aka shafe da siminti ko mai ƙarancin fili ya cika tsofaffin buhuna da ƙasa da taki, ya jera su a jikin bango.

Abin shukawa kuma a fara da wanda ya saba da ƙasarmu. Alayyafo cikin mako uku zuwa huɗu an fara yanka, kuma yana sake tohowa. Kuɓewa tana son zafi, kafin wata biyu ta fara 'ya'ya. Rama da yakuwa da lalo ba su da tsirfa. Zogale kuwa ko reshensa aka kafa yana kamawa, in ana sare kansa sai ya yi rassa a inda hannun mace zai kai, ganyensa kuma yana cikin mafiya amfani ga mai ciki da mai shayarwa da ɗan yaye. Tumatir shi ne mai wahala a wannan lokaci, domin zafi yana kakkaɓe furensa, ga kuma tsutsar nan da manoman Kano ke kira sharon, wadda ta yi mummunar ɓarna a 2016. Gara a bar shi sai sanyi ya dawo. In ƙwari suka sauka, a daka ƙwallon dogon yaro ko ganyensa, a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa da yamma. Abin da zai shiga bakin yara gobe bai kamata a fesa masa maganin gonar auduga yau ba.

Sai batun kaji, kuma a nan ne na fi son mu tsaya. Kazar gida takan saka ƙwai goma zuwa goma sha biyar a zubi ɗaya, ta kwanta kwana 21 ta ƙyanƙyashe, kuma takan yi haka sau uku a shekara, wani lokaci huɗu. Mu ɗauka mace tana da kaji uku da zakara ɗaya. In kowace ta fitar da 'yan tsaki goma sau uku, tasa'in ke nan. Ko rabi suka rayu, arba'in da biyar sun isa kuɗin makarantar Islamiyya, da maganin zazzaɓi, da zubin adashi, da kazar baƙo, da ta mai jego. Tsofaffinmu sun san wannan tsani: kaza ta sayi akuya, akuya ta sayi karsana. To me ya sa a yawancin gidajenmu shekara take zagayowa kajin suna nan uku, ko ma babu ko ɗaya?

Kowace uwargida ta san amsa. Hunturu ya shigo, a wayi gari kaza ta takure a gindin bango, fikafikai sun sauka, tana gyangyaɗi, tana kashi kore-kore, wata wuyanta ya murɗe tana juyi a wuri ɗaya. Kafin mako ya zagayo unguwa ta yi tsit, ba a jin carar zakara. Wannan ita ce cutar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, wadda aka fara gano ta a 1926 a tsibirin Jaba da kuma garin Ingila da aka sa mata sunansa. Idan ta shiga garken da ba a yi wa rigakafi ba, tana iya share shi kusan kakaf. Ba ta da magani. Kafso ja da rawaya da ake fasawa a zuba a ruwan kaji, da barkono, da sassaƙen maɗaci, babu wanda ke kashe ƙwayar da ke kawo ta. Kuɗi ne kawai ke tafiya, ga kuma haɗarin saba wa jikinmu da maganin da wata rana za mu nema ya ƙi yi mana aiki.

Amma tana da rigakafi, kuma mai araha. Masana a jami'ar Kwinsilan ta Ostireliya sun samar da wani nau'i mai suna I-2, wanda aka yi shi musamman domin kajin ƙauye, saboda yana jure zafi fiye da sauran. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana haɗa shi a nan gida. Yin sa ba ya buƙatar allura. Da magariba, bayan kaji sun shige akurki, mai rigakafi ta yi sallama da 'yar kwalbarta a naɗe cikin jiƙaƙƙen ƙyalle a kwando. Uwargida ta kamo kaza, ta haɗe fikafikai da ƙafafu a hannu ɗaya, ta karkata mata kai. A ɗiga ɗigo ɗaya a ido, a dakata ta ƙifta ya shige, a sake ta, a kamo ta gaba. Ɗan tsako da ƙaton zakara duk ɗigo ɗaya ne. Ana maimaitawa duk bayan wata huɗu, wato sau uku a shekara, kuma mafi muhimmanci shi ne wanda ake yi kafin iskar hunturu ta kaɗo. Lafiyayyar kaza ake yi wa, domin jiki yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya ɗauka. Kuɗin kaza guda ya isa a yi wa garken gida duka har a samu canji. A Mozambik da Tanzaniya an horar da mutanen ƙauye, da yawansu mata, suna zagayawa gida-gida da wannan kwalba ana biyansu ɗan abin da ya sauƙaƙa, kuma kajin ƙauyukan sun ƙaru.

Garin iyaka ya fi kowa buƙatar wannan. Kajin ƙasa uku ne ke haɗuwa a kasuwanninmu, a kwando ɗaya, a bayan babur ɗaya, a cikin jirgin ruwa ɗaya. Mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya: da zarar mutum ya ga kajinsa sun fara gyangyaɗi, sai ya kwashe sauran ya nufi kasuwa domin ya rage asara. Wanda ya saya da araha ya kai gida, ya kai wa unguwarsu annoba. Wannan cutar da ɗan'uwa ne, kuma addininmu ya hana ɓoye aibin abin sayarwa. Duk kazar da aka sayo ko aka kawo kyauta, a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da na gida. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone, kada a jefa a juji ko a kogi. Ga kuma murar tsuntsaye, wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna a Fabrairun 2006, cikin watan nan kuma aka same ta a Magarya ta Nijar. Tsuntsayen ruwa masu ƙaura suna sauka a gaɓar Kwara da sanyi, agwaginmu suna cuɗanya da su. In aka ga kaji da agwagi suna zubewa farat ɗaya, a hana yara taɓa su, a sanar da malamin dabbobi, domin ita wannan tana iya kama mutum.

Bayan annoba, babbar asara a kan 'yan tsaki take. Kaza ta fito da goma sha biyu, shirwa ta sure biyu, muzuru ya ɗauke uku da dare, ruwan sama na farko ya doke wasu, ƙishirwa ta gama da saura. Mukan ce zakaran da Allah Ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne, amma Allah bai hana mu rufe akurki ba. A tsare uwa da 'ya'yanta a ƙarƙashin babban kwando ko ɗan keji a inuwa na mako huɗu zuwa shida, a sa musu ruwa mai tsabta a kasko marar zurfi, a jefa 'yan tsakuwa a ciki kada su nutse. Wannan kaɗai yana ceton da yawa. A zafin bazara, ruwan sha a inuwa shi ne rabin kiwo.

Abincinsu kuma yana nan kewaye da mu. Dusar gero da ta shinkafa, tsakin dawa, gutsattsarin busasshen kifi da ake sharewa a rumfunan masu banda, ɓawon katantanwa da aka ƙona aka daka domin ƙwai ya yi ƙwari, da ganyen zogale da alayyafon da suka tsufa a garka. Manoman arewacin Benin da Burkina Faso suna da wata dabara da ta dace da mu. A samu tsohuwar tukunya, a cusa mata busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta a kan hanyar gara can nesa da rumbu da ɗaki, a yi mata inuwa. Washegari da sassafe a ɗago ta, a zazzage wa 'yan tsaki. Wanda ya taɓa ganin yadda suke rububin gara ya san sun samu abin da jikinsu ke nema. Damina na shigowa kuma zabi za su fara saka. Zabuwa ba ta iya reno ba, don haka a tara ƙwanta a sa wa kaza mai kwanci, cikin kwana 26 zuwa 28 ta fitar da su.

Akwai masu cewa kaza da garka ba sa zama gida ɗaya, kuma suna da hujja, domin kaza ɗaya tana iya tone fangali cikin ɗan lokaci. Maganin abin darni ne. Karan dawa yana nan tun kaka, ga zana, ga tsohon taru da masunci ya daina amfani da shi, ga gidan sauron da ya yage ya tashi daga aiki. In an kewaye garka, sai kowanne ya zama mai ciyar da ɗan'uwansa. Kashin kaji yana cikin taki mafi ƙarfi, har ɗanyensa yana ƙone shuka, don haka a share akurki, a tara a rami tare da ɓuntu da toka da sharar tsakar gida, a riƙa yayyafa ruwa, bayan wata biyu zuwa uku ya zama baƙar ƙasa mai laushi. Sharar nan ta kowace safiya tana da wani amfanin da ya fi taki. Yaro mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa, kuma kashin kaji yana jawo zawo. Kaji su kwana a akurkinsu, ba a ƙarƙashin gadon da yara ke barci ba.

Duk wannan wahala ba ta da amfani in ƙwan bai shiga bakin yaro ba. Har yanzu akwai gidajen da ake cewa in an saba wa yaro da ƙwai zai tashi da sata. Wannan magana ba ta da tushe a addini, ba ta da shi a likitanci. A ƙasar Ekwado an yi wani gwaji da aka wallafa a 2017, inda aka riƙa ba jarirai 'yan wata shida zuwa tara ƙwai ɗaya kullum na tsawon wata shida, aka samu tsumburewa ta ragu da kashi 47 cikin ɗari a tsakaninsu. Da aka maimaita a Malawi ba a ga irin wannan bambanci a tsayin yaran ba, kuma cikin dalilan da masu binciken suka kawo akwai cewa yaran wurin dama suna samun kifi. Darasin a fili yake: abin da ake nema shi ne ƙwai ko kifi ko nama ya riƙa shiga kwanon ƙaramin yaro a kai a kai. A garin masunta wannan bai kamata ya gagara ba, amma mun san kifi mai kyau kasuwa yake tafiya, abin da ya rage kuma kwanon maigida ake fara sa wa. A yankin Kaya na Burkina Faso an gwada ba yara kaji da sunansu ta hannun shugabannin al'umma, aka wayar da kan iyaye mata, sai cin ƙwai ya ƙaru sosai. Mu ma muna da wannan al'ada, kaka takan ba jikanta kaza ta ce, "Wannan taka ce." A raya ta. In kaza ta saka goma sha biyar, a bar mata goma ta kwanta, biyar na mai ita ne. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Ina da magana da magidanta. Kiwon kaji da garka a hannun mata suke, kuma sana'a ce da mace za ta yi ba tare da ta taka ƙofar gida ba. Amma haƙa rami, da kafa darni, da gina akurki mai ƙofa, da ɗebo ɓuntu daga injin casa, aikinka ne, Malam. In kajin suka yi yawa kuma, ka tuna dukiyarta ce. Kada baƙo ya zo ka sa a kama zakaranta ba da yardarta ba. Matar da ta san amfanin wahalarta zai tsaya a hannunta ita ce ke dagewa, kuma kowa ya san inda kuɗin uwa ke ƙarewa: a cikin 'ya'yanta da jikinsu.

Ga hukuma kuma, roƙona ɗaya ne, a fara da abin da ya fi sauƙi. Raba wa matan ƙauye kajin gidan gona ba tare da abinci da rigakafi ba yakan ƙare da asara, domin irin waɗannan kaji ba sa jure zafi, ba su iya kiwon kansu ba, ga abincinsu na masara da waken suya ya yi tsada. Akwai ingantattun iri da masananmu suka samar, irin su Shika Brown ta cibiyar binciken dabbobi da ke Shika kusa da Zariya, da FUNAAB Alpha ta jami'ar aikin gona ta Abekuta, ga kuma Noiler da ta bazu a kasuwa. Suna da amfani ga wanda zai iya ciyar da su. Amma gidan da annoba ke sharewa duk shekara, ko wace irin kaza aka kai masa hunturu zai cinye ta. Ma'aikatar da ke kula da lafiyar dabbobi ta jihar Kebbi, da ƙananan hukumomin Dandi da Bagudo, su tanadi firiji mai aiki da hasken rana a manyan garuruwan yankin, su riƙa sayo rigakafin daga Vom a kan lokaci, su horar da mata biyu ko uku a kowace unguwa, a tsayar da watanni uku na rigakafi da kowa zai sani. Tun da a 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo, ya dace ta tuna cewa dabbar da ta fi yawa a gidan talaka kaza ce. A kuma yi magana da hukumomin Gaya da Malanbil a daidaita lokaci, domin cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan. Malaman gona su shiga makarantun Islamiyya na matan aure da ƙullin irin alayyafo da kuɓewa da zogale. Hakimai da limamai su sa baki a kan sayar da kaza marar lafiya da kuma hana yara ƙwai.

Kai kuma mai karatu, kada ka jira sai hukuma ta motsa. Kafin hadarin farko ya haɗo, ka kewaye taku huɗu a bayan ɗaki, ka ajiye baho a wurin alwala, ka gyara ƙofar akurki, ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku nemi malamin dabbobi ya kawo muku rigakafi. Ƙwan da aka fara samu kuma a dafa wa ƙaramin cikin gida. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.